Malama Uwa da Kabarin Zayyad

Sunanta na yanka Hadiza, amma a Azare da wuya ka sami mai kiranta haka. Sunan kakarta ta wajen uba aka mayar mata, don haka tun tana goye ake ce mata Uwa. A firamaren da take koyar da 'yan aji huɗu, Malama Uwa ce. Matan da ke karanta littattafanta kuwa, daga Misau har Gashuwa, Anti Uwa suke cewa, har da waɗanda suka girme ta.

Tun zamanin takarda ta fara rubutu. A lokacin da biro take yi, ta ba direban motar Kano ya kai wa mai buga mata, bayan 'yan watanni kwalin littattafai ya iso yana warin tawada. Masu ba da haya a kasuwa su karɓa. Littafi ɗaya sai ya zaga unguwa guda, ya dawo bangonsa ya yi laushi kamar tsumma, da ɗigon manja a shafin da aka fi yin kuka. Ba ta taɓa yin suna irin na manyan marubuta ba, ba ta kuma taɓa cewa ta yi ba. Labaranta na mutanen da take gani ne a hanyarta ta zuwa makaranta: tela da nas, malamin gona da 'yar mai goro, direba da bazawarar da ke tuyar ƙosai a bakin tasha. Suna son juna, wani abu ya gitta, su sha wuya, galibi su yi aure. Wani lokacin kuma ba sa yi.

Da waya ta shigo hannun kowa, masu haya suka koma sayar da caja da murfin waya. Malama Uwa ba ta zauna tana kukan zamanin da ba. Ta koyi rubutu da babban yatsa, ta buɗe zaure a WhatsApp, kullum bayan la'asar ta tura shafi ɗaya. Masu karatu su yi sharhi a ƙasa, su zagi mugun labarin, su yi wa amarya guɗa da 'yan hotuna. Ta ji daɗin wannan fiye da yadda ta zata. A da sai littafi ya shekara kafin wata ta tare ta a gidan biki ta ce ya sa ta kuka. Yanzu kafin ta wanke hannu daga tuwo ta san wace ce ta yi kukan.

A wayar ne kuma ta ga yadda yayin labari ke juyawa kamar yayin atamfa. Aka yi zamanin samari masu jirgin sama na kansu. Aka yi na sojojin da ba sa dariya. Aka yi na 'ya'yan sarakunan ƙasashen da babu su a taswira. Sai aljanu suka shigo, kuma da suka shigo ba su fita ba. Duk zauren da ka leƙa, ga yariman aljanu da ke zaune a gindin tsamiya ko a ƙarƙashin kogi, idonsa na sauya launi in ya yi fushi, ya rasa wadda zai so duk duniya sai wata 'yar aji biyu a jami'a. Marubutan da ta sani suna rubuta rikicin gado da na haya, duk suka koma can, domin can masu karatu suka koma.

Wadda ke riƙe mata zauren, mai shigar da mutane da fitar da masu talla, ita ce Kezia, malamar Turanci a makarantarsu. 'Yar Bogoro ce, aiki ya kawo iyayenta Azare tun tana ƙarama, Hausa a bakinta kamar a nan aka binne cibiyarta. Ita ma aljanun sun tafi da ita. A ƙarƙashin bishiyar mainar da ke gaban ofishin malamai suke zama lokacin hutun tara, Kezia na latsa waya tana murmushi ita kaɗai.

"Yau kuma ina ya kai ta?" in ji Malama Uwa.

"Dubai. Ƙiftawar ido, Malama. Ko biza bai nema ba."

"Ke da kike rera waƙa a coci, me ya haɗa ki da aljani?"

"Abin da ya haɗa ki da tela da nas. Namijin mutum mun gan shi, mun san ƙarshensa. Aljani ba ya cewa babur ɗinsa ba mai. Ba ya mantuwa. Ki saka mana ko ɗan ƙarami ne a littafinki, ya riƙa leƙowa ta taga."

"Tagogin gidana duk da raga."

Ba wai tana ƙyamar littattafan ba ne. Ta karanta biyu har ƙarshe, ta ce ɗayan marubuciyarsa ta iya jan zare. Ba ta kuma taɓa cewa babu aljanu ba. Mai sallah ce, ta san halittar Allah ne. Ita dai ba ta san su ba, kuma abin da ba ta sani ba ba ta rubuta shi. Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce ra'ayi ne kawai na mai shekaru.

Ɗanta na fari, Talha, ya karanta aikin gona. Wata damina da ruwa ya yi yawa a ƙasar Zaki, ya tafi duba shinkafar mahaifinsa a fadamar da ke kusa da Sakwa. Hanya ta yanke, sai da kwale-kwale. Kwale-kwalen ya kife da su a tsakiyar ruwa. Masunta suka tsamo mutane, wasu da rai, wasu babu. Talha ba ya cikin waɗannan, ba ya cikin waɗancan. Aka bi ruwan ana nema har aka gaji. Daga baya malamai suka ce a yi masa salla ba gawa, aka yi, aka zauna makoki.

Dangin mahaifiyar Malama Uwa Fulani ne, kuma a hannunsu ta tashi. A gidansu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yaba shi a gaban mutane, ba ta kuma yi masa kuka a bainar jama'a. Tun yana jariri "yaron nan" take cewa. A zaman makokin ma haka ta zauna da carbi, tana amsa gaisuwa, mata na cewa kai, Uwa akwai dauriya.

Abin da ya biyo bayan makokin ya fi makokin nauyi. Tunda ba a ga gawa ba, kowa ya sami abin faɗa. Wata tsohuwa ta ce mutanen ruwa ba sa kashe kyakkyawan saurayi, ajiye shi suke yi. Wani mai magani ya aiko cewa ya duba, yaron yana raye a ƙasan kogi, an ɗaura masa aure, a kawo farin rago. Wani direba ya rantse ya gan shi a kasuwar Gashuwa yana tafiya kamar wanda bai san kansa ba. Mijinta, Malam Ikrima, ya je Gashuwa. Ya je Haɗeja. Ya je Nguru, inda aka nuna masa wani bawan Allah mai taɓin hankali da ko tsawonsu ba ɗaya ba. Duk tafiyar da zai yi, Malama Uwa sai ta share ɗakin yaron ta sake shimfiɗa zanin gado. Duk dawowar da zai yi, daga yadda ya jingine babur take gane amsar. Sai da Malam Ikrima ya kwanta ciwo sannan ta ce ya isa, duk mai labari ya riƙe abinsa.

Ta daɗe ba ta yi rubutu ba. Da ta dawo, sai ta fara labarin Zayyad, wani malamin gona, da Halimatussa'adiyya, wadda masu karatu suka gajarce wa suna zuwa Sadiya tun a shafi na biyu. Babu jirgi a ciki, babu sarauta. Yana kawo mata ɗanyar masara a bayan babur, tana yi masa tsiyar takalminsa kullum da taɓo. Abin mamaki, labarin ya karɓu. Zauren ya cika har Kezia ta fara ƙorafin wayarta na zafi. Ranar da aka ɗaura auren Zayyad da Sadiya, wasu mata a Dambam suka yi ankon gaske suka turo hoto.

Bayan auren da 'yan shafuka, wata Laraba, Malama Uwa ta sa Zayyad a kwale-kwale, ta kifar da shi.

Washegari ta tura shafin da ta fi daɗewa tana rubutawa a duk rayuwarta. A ciki masunta suka sami Zayyad da hantsi, ya maƙale a jikin wata bishiyar giyayya. Aka kawo shi gida a bayan a-kori-kura. Ta rubuta yadda aka ɗora ruwa, da wanda ya tafi sayen likkafani, da yadda kawunsa da limamin unguwa suka shiga suka yi masa wanka. Aka kira mahaifiyarsa ta shiga ta yi masa addu'a, ta ga fuskarsa, ta gane shi sarai. Aka sallace shi a ƙofar gida. Maza suka ɗauka, suka dawo da ƙasa a gwiwoyin wandunansu, ƙaninsa ya ce an sa shi kusa da kakansa, ya kafa reshen aduwa don a gane wurin. Ba ta tsallake komai ba.

Zauren ya kacame. Wasu kuka, wasu zagi, wata ta ce ta fasa girkin dare saboda Anti Uwa. Duk wannan ta saba da shi. Amma kafin magariba sai sharhin ya ɗauki wata hanya. Wata ta rubuta: "Ku kwantar da hankalinku, ba shi aka binne ba. Aljani ne ya ɗauki kamanninsa." Wata ta ce ai a bayyane yake, sarauniyar ruwa ce ta ɗauke shi, zai dawo da ƙarfin aljanu ya kare Sadiyarsa. Nan take kowa ya kama. Suka fara yi mata godiya tun kafin ta ce komai: ashe Anti ma ta shigo layi, wannan littafi na biyun zai girgiza Arewa.

Kezia ta tare ta da safe tun kafin a buga ƙararrawa.

"Malama, kin ga abin da nake gani? Mutane na roƙon a saka su a zaure har daga Nijar. Ki ce kawai ba shi ba ne. Layi ɗaya."

"Shi ne."

"To ya mutu, mun yarda. Ya dawo mana a wata siffa. Kowa haka yake yi yanzu."

"Uwarsa ta ga fuskarsa, Kezia. Ni na rubuta."

Kezia ta buɗe baki za ta yi wasa, sai ta dubi fuskar abokiyarta, ta mayar da wayar jaka.

Abin da Malama Uwa ta yi bayan nan shi ne ya raba ta da yawancin masu karatunta. Ta shigar da Sadiya takaba, ta kuma sanar cewa ba za ta ce "bayan wata huɗu da kwana goma" ta wuce ba, kamar yadda ake yi. Kowace rana ta takabar shafi guda ce. Wadda za ta karanta, sai ta zauna tare da Sadiya har ta fita.

Haka aka yi. Sadiya ta tuɓe 'yan kunne. Sadiya ta zauna a tabarma, masu gaisuwa suka ragu, suka ƙare. Ranar da babu abin da ya faru, Malama Uwa ta rubuta cewa babu abin da ya faru, sai dai kaza ta shiga ɗaki an kore ta. Wata rana Sadiya ta ga takalmin Zayyad a bayan ƙofa, taɓon ya bushe, ta rasa ko ta wanke ko ta bari. Shafin ranar ke nan gaba ɗaya. Masu karatu suka yi ta jiran daren da za a ji ƙamshin turare ba mai turare, ko a ga sawun jiƙaƙƙiyar ƙafa a tsakar gida. Ba a ji ba, ba a gani ba.

Sai wata mai kiran kanta Gimbiyar Ruwa ta gaji da jira. Wata Asabar da safe ta tura nata shafin cikin zauren, ta sa masa suna ci gaban labari. A ciki Zayyad ya fito daga kogi da fararen kaya, bai jiƙe ba, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Rubutun ya yi kyau ƙwarai. Malama Uwa ta ga haka tun daga layin farko. Zauren ya ɗauki guɗa. Aka ce a ba Gimbiya littafin ta ƙarasa, tunda Anti ta tsufa.

Malama Uwa na zaune a tsakar gida tana karantawa, har ta zo inda Zayyad ya miƙa hannu, aka ga tabon lauje a gindin babban yatsansa na hagu, ya ce yunwa yake ji, ko akwai sauran ɗumame, a sa masa yaji da yawa. Ta ajiye wayar a kan tabarma. Ita ba ta taɓa ba Zayyad tabo ba. Ta san hannun da ke da wannan tabon, ita ta ɗaure shi da tsumma ranar da aka yi shi. Mutum uku ne a duniya za su iya rubuta wannan layin, kuma Malam Ikrima ba ya karatun waya.

Khaulat, autarta, tana karatu a jami'a a Gadau, takan zo gida ƙarshen mako. Da azahar ta iso. Uwar ta bari ta yi salla ta ci abinci, sannan ta miƙa mata tire da shinkafa.

"Zo ki taya ni tsinta, Gimbiya."

Hannun Khaulat ya tsaya a kan tiren. Ba ta musa ba.

"Umma, labari ne fa kawai."

"In labari ne kawai, me ya sa kika ba shi hannun yayanki?"

"Ke me ya sa kika sa shi a kwale-kwale? Duk Azare an san wa kike nufi. Ke kina da ikon kashe shi, ni ba ni da ikon dawo da shi?"

"Ban kashe shi ba. Binne shi na yi."

"Ba a ga Hamma Talha ba, Umma! Ba wanda ya gan shi. Ta yaya kika sani? A makaranta akwai wata 'yar Gamawa, ta ce a garinsu an yi wanda ruwa ya tafi da shi, bayan shekaru ya dawo."

"Da farin rago ko babu?"

"Kin gani ko? Komai sai ki mai da shi abin dariya. Ko sunansa ba ki taɓa faɗa ba. Mutane sun zo gaisuwa, ni ina birgima, ke kina cewa a ƙara wa baƙi ruwa."

Malama Uwa ta ci gaba da tsintar, tana ware tsakuwa gefe guda. Da ta yi magana, muryarta ba ta tashi ba.

"Kina makarantar kwana lokacin, ba ki ga komai ba. Kin san sau nawa na shimfiɗa wa yaron nan gado? Duk wanda ya yi sallama da muryar namiji, sai na miƙe tsaye. A aji ina rubutu a allo, babur ya wuce, sai alli ya faɗi. Kowa ya zo da labarinsa mai daɗi, ya ajiye min ya tafi gida ya yi barci. Yana ƙasan ruwa, ya yi aure, ya yi ƙiba. Irin labarin da kuke karantawa yanzu kuna guɗa, ni an karanta min shi a ɗakin nan, ubanki ya bi shi har Nguru."

Khaulat ta sunkuyar da kai.

"Ban sami wanka ba, ban sami likkafani ba, ban sami wurin da zan ce wa ubanki ya je ya yi addu'a ba. Sai na zauna na yi wa Zayyad. Na samo shi, na sa an wanke shi, na shigar da uwarsa ta gan shi. Kabari ɗaya nake da shi a duniya, Khaulat, a cikin wayar nan yake. Shi kuka taru za ku tone don ku ji daɗin littafi na biyu."

Akuyar maƙwabta ta leƙo, ba wanda ya kore ta.

"Kin karanta shafin jana'izar?" in ji uwar.

"Tsallake shi na yi."

"To."

"Kuma ba zan karanta ba." Khaulat ta share ido da bayan hannu. "Ke kabari kike so. Ni so nake ya shigo ya ce Auta, ina cajata. Ko a waya ne. Wannan laifi ne?"

"Ba laifi ba ne. Kin iya rubutu, kin fi ni iya jan mutane. Ki buɗe zaurenki, ki yi naki saurayin, ki sa masa suna, ki fito da shi daga kogi sau goma in kin so. Ba zan hana ki ba, ba zan ce haramun ba ne. Amma ba Zayyad ba. Zayyad yana kusa da kakansa."

"Za su gudu su bar ki, Umma. Wallahi duk za su biyo ni."

"Su biyo ki. Miƙo min wayar."

Ba ta taɓa tura saƙon murya a zauren ba; da yawansu ba su san muryarta ba. Ta danna, ta yi sallama, ta yi magana kamar tana gaban 'yan aji huɗu.

"Ni ce Uwa, mai littafin. Na ga ana tambaya, to ga amsa. Zayyad ya rasu. Shi aka tsamo, shi aka wanke, shi aka binne. Ba aljani ba ne, ba a musanya shi ba, ba ya ƙasan ruwa. Masu son labarin aljanu, akwai marubuta da yawa da suka iya shi, ku je, ba na jin haushin kowa. Wadda ta zauna a nan, takaba ake yi. Yau ma bayan la'asar akwai shafi."

Ta sa Kezia ta goge shafin Gimbiyar Ruwa. Kafin la'asar sunaye suka fara zubewa, wance ta fita, wance ta fita, layi bayan layi, har abin ya daina ba da mamaki. Wasu sai da suka yi sallama da zagi. Wata ta ce dama tsofaffin marubuta baƙin ciki ke damunsu. Khaulat ma ta fita, tana zaune a kan tabarma ɗaya da uwarta, sannan ta tashi ta ɗora shinkafar.

Ba a yi wata guda ba ta buɗe nata zauren, da nata labarin, na wani saurayi da kogi ya ɗauka ya mayar. Ya karɓu fiye da duk abin da Malama Uwa ta taɓa rubutawa. Har masu karanta littafi da murya suka nemi izininta. Uwar ba ta karanta ba, amma ta saya mata sabuwar caja da ta ji tsohuwar na ba ta wahala. In Khaulat ta zo gida suna hira kan komai, ban da wannan.

Kezia kuwa tana zaurukan biyu, ba ta ɓoye ba.

"Da rana ina takaba, da yamma ina ƙasan kogi," in ji ta a ƙarƙashin maina. "Ku mutanen gidan nan za ku kashe ni. Malama, mun ragu fa sosai. Jiya mutum uku ne suka yi sharhi, ɗaya ma cewa ta yi a taimaka mata da lambar mai gyaran firji."

"An ba ta?"

"Na ba ta."

"To zaure na da amfani."

Ta ci gaba da turawa, kullum bayan la'asar. Ranar da ta yi zazzaɓi, tana kwance ta faɗa, Kezia ta rubuta. Ranar da aka ɗauke sabis a unguwarsu, ta hau acaɓa zuwa bakin kasuwa ta tura ta dawo. Sadiya ta rame, ta yi faɗa da ƙanwarta a kan abin da bai kai ya kawo ba, ta yi dariya karo na farko ta ji kunyar dariyar. Wasu shafukan ba su da daɗin karatu, Malama Uwa ta san haka, ba ta gyara su don su yi daɗi ba.

Ranar fita takaba ta faɗo a ranar makaranta. Wannan karon ba ta jira la'asar ba, lokacin tara ta tura. Sadiya ta yi wanka, aka yi mata kitso, ta sa sabon zane da 'yan kunne, aka raba gumba a unguwa. Ta fito ƙofar gida ta tsaya, rana ta kashe mata ido, ta ga an yi sabon shago a inda babu shi a da. A nan littafin ya ƙare.

Kezia na karantawa tana jan hanci, tana cewa mura ce. Sharhi ya shigo, ɗaya, biyu. Sai wata da ba ta taɓa magana ba tun farkon takabar, ta rubuto:

"Anti, mun yi haƙuri mun zauna har ƙarshe. Yanzu dai tsakani da Allah, zai dawo ko?"

Kezia ta miƙa mata wayar. Malama Uwa ta gyara tabarau, ta karanta, ta ɗauko tata ta rubuta da babban yatsa a hankali, ta duba ko akwai kuskure, ta tura.

"Ba zai dawo ba. Allah ya ji ƙansa."

Aka buga ƙararrawa. Ta mayar wa Kezia wayarta, ta ɗauki alli da rajista, ta nufi aji huɗu.